Hoton PET da allurar sinadarin nukiliya: me yake nunawa game da ƙari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. An ga ƙari a huhun mahaifinmu a hoton CT, sai likitansa ya ce a yi wani hoton mai suna PET, wanda sai an yi masa allurar sinadarin nukiliya kafin a ɗauka. Shin allurar ba za ta ƙara masa ciwo ba? Kuma me zai nuna wanda hoton farko bai nuna ba? Baba yana da ciwon sukari, ya kuma taɓa shan maganin tarin fuka. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya. Hoton CT girman ƙari da wurin da yake zaune yake nunawa, shi kuwa PET yana nuna yadda naman wurin yake cin sukari. Tun a shekarun 1920 masanin nan na Jamus, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin ciwon daji sun fi lafiyayyun ƙwayoyin jiki zarin sukari. Don haka ake ɗaukar wani abu mai kama da sukari da ake kira FDG, a haɗa shi da fulorin-18, wato sinadarin nukiliyar da kike tambaya a kai, a zuba a jijiya. Majiyyaci zai kwanta shiru kamar awa ɗaya, ba tafiya ba yawan magana, domin kada tsoka ta janye sinadarin. Duk inda ya taru yana fitar da haskoki biyu-biyu da ido ba ya gani, ɗaya ya nufi nan ɗaya ya nufi can, zoben na'urar ya kama su, kwamfuta ta fitar da wurin. Da wannan ake gane ko ciwon ya tsaya a huhu ko ya kai kaluluwa, hanta ko ƙashi, kuma a kan amsar ake yanke shawarar tiyata ko wani maganin.

Batun tsoron allurar kuwa, ki kwantar da hankalinki. Ƙarfin fulorin-18 yana raguwa da rabi duk bayan minti 110, wani kuma yana fita ta fitsari, ta yadda kafin a kwana a wuni kusan babu sauransa. Hasken nukiliyar da jiki yake samu daga allurar kimanin milisibat 7 ne (milisibat shi ne ma'aunin irin wannan hasken), wato kusan abin da mutum yake samu daga ƙasa da iska cikin shekara uku, ban da na hoton CT da ake ɗauka tare da PET ɗin. A wurin dattijon da ake zargin daji a huhunsa, amfanin ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Ya sha ruwa sosai bayan an gama, ya kuma ɗan nisanci jikoki ƙanana da masu juna biyu na wasu awanni.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne jimlarki ta ƙarshe, wato batun ciwon sukari da tarin fuka. Na'urar ba ta san daji ba, cin sukari kawai take gani. Ƙwaƙwalwa da mafitsara kullum suna haskawa a jikin mai lafiya, haka ma wurin da ke da kumburi ko ƙwayar cuta. Tarin fuka, wanda yake da yawa a ƙasarmu, yana iya haskawa tamkar daji, har ƙwararre ya kasa rabewa da hoto kaɗai. Haka nan ƙarin da bai kai santimita ɗaya ba, ko mai girma a hankali, yana iya ɓoyewa. Saboda haka kada ku ɗauki sakamakon a matsayin hukunci, sai an ciro ɗan nama daga wurin an duba a ɗakin gwaji.

Ciwon sukarin ma yana da tasiri, domin idan sukarin jini ya yi yawa yakan yi gogayya da FDG har hoton ya dushe, kuma cibiyoyi da dama sukan ɗage aikin idan ya haura 200 a ma'aunin sukarin jini na mg/dL. Za a ce ya bar cin abinci awa huɗu zuwa shida, ruwa zalla kawai, amma kada ya taɓa tsarin insulin ko ƙwayoyinsa sai da umarnin likita. Ku je da katin maganin tarin fukarsa da tsofaffin hotunan ƙirjinsa, ku kuma isa a kan lokaci, domin a ranar ake sarrafa sinadarin, kuma ƙarfinsa yana ta raguwa tun kafin a yi allurar.