Ciwon baya, rasuwar ɗa, da tramol sau uku a yini

Tambaya: Assalamu alaikum lokotoro. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram. Shekara biyu ke nan da na faɗi da moto, tun lokacin bayana bai koma daidai ba, amma ina lallaɓawa. Daminar da ta wuce Allah ya karɓi ɗana, zazzaɓin kwana uku. Tun rasuwarsa ciwon ya bazu ko'ina, ƙirjina ya yi nauyi, barci ya ƙaurace mini. An yi mini radiyo, wato hoton ƙashi, da awon jini, aka ce ba a ga komai ba. Wani aboki a fada ya ba ni tramol, ya ce maganin gajiya ne kawai. Yanzu ina shan mai 225 sau uku a yini, ran da ban sha ba sai zufa da gudawa, jiki kamar an yi mini duka. Tsohuwata ta ce rashin tawakkali ne, abokai sun ce jifa aka yi mini. Tsoro nake ji. Haukacewa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan yaro, ya sa mai ceto ne, ya ba ku haƙurin rashi kai da mahaifiyarsa.

Ka kwantar da hankalinka, abin da ka lissafa ba alamun hauka ba ne. Abu uku ne suka haɗu maka: tsohon ciwon baya, baƙin cikin rashin ɗa, da ƙwayar da jikinka ya saba da ita. Ciwon naka kuma na gaske ne. Radiyo ƙashi yake nunawa, ba ya nuna yadda jijiyoyi suke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Ciwon da ya wuce wata uku yakan sa jijiyoyin su riƙa amsawa fiye da kima, rashin barci da damuwa kuma su ƙara rura shi. Shi ya sa bayan rasuwar ciwon ya bar baya ya mamaye jiki. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya sa ciwo mai daɗewa a matsayin cuta mai zaman kanta, haka ma baƙin cikin rashi da ya wuce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali, don kullum sai na ji ta a ɗakin duba marasa lafiya. Daga ɗan kabu-kabu, daga mai fasa dutse, daga manomi lokacin noma, har daga uwar gida mai daka: "ai maganin gajiya ne." Ƙarya ne. Tramol ɗan gidan morfin ne, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi da jiki kan saba da su, ana ba da shi don ciwo mai tsanani, na ɗan lokaci, da takardar lokotoro. Wanda muke rubutawa a saya a farmasi miligiram 50 ne ko 100, kuma iyakar abin da babban mutum mai lafiyar ƙoda da hanta zai sha a yini miligiram 400 ne. Kai kana shan 675. Mai 225 ɗin nan ba na asibiti ba ne, don kasuwar bayan fage aka ƙera shi, kuma mai tallarsa a tire ko a bayan keke bai san abin da ke ciki ba. Bayan Indiya ta ƙara tsaurara doka kan tramol a 2018, sai masu safara suka koma turo wani haɗin magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, zuwa Afirka ta Yamma, a irin kwalin da mutane suka saba gani. Haɗin nan yana danne numfashi, kuma ita kanta Indiya ta haramta shi a 2025.

Me ya sa mutane suke rantsuwa yana ba da ƙarfi? Domin bayan kashe zafi, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa masu ɗaga yanayin zuciya. Sai ka ji ka warware, ka yi aiki tun safe har dare ba yunwa ba gajiya. Amma jiki bai huta ba, an dai toshe masa baki ne. Kamar bashin mai shago ne, yau ka ci, ƙarshen wata lissafi na jiranka. Bayan 'yan makonni ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai uku. Zufa da gudawa da ciwon jikin da kake ji ran da ba ka sha ba, ba tsohon ciwonka ne ya dawo ba, jiki ne ke neman abin da ya saba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su ce "ka gani, in ban sha ba ciwon na tashi, ashe maganina ne." Ƙwayar ce ta haifar da wannan ciwon, ita ce kuma take sayar maka da sauƙinsa. Akwai ma waɗanda daɗewa a kanta yake sa jijiyoyinsu su ƙara jin zafi fiye da da.

Babban haɗarin da nake ji maka shi ne farfaɗiya. Tramol da yawa yana kayar da mutumin da bai taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwarsa, ba gargaɗi. Ka tuna kai a kan moto kake yini, sau da yawa da matar wani da goyo a bayanka, cikin cunkoson kasuwar Dole. In saurayi ya faɗi yana kumfa, sai a ce aljanu, a kai shi gidan mai hayaƙi, a karɓe wa iyaye jika ashirin da ɗan akuya, ba wanda ya laluba aljihunsa. Mai jifa da mai cire jifa duk a kan wahalarka suke cin abinci. Kuma ina jin haushinmu mu ma'aikatan lafiya: mutum ya bi layi tun asuba, a kalli takardar awo a ce masa "ba ka da komai", a sallame shi cikin minti biyu ba a tambaye shi ko an yi masa rasuwa ba. Daga ƙofar asibiti mai tire ne zai tarbe shi.

Kada ka daina sha dare ɗaya. A wannan adadin, yankewa kwatsam zai jigata ka har ka koma da gudu. Ana ragewa ne kaɗan-kaɗan cikin makonni, da na farmasi wanda aka san awonsa, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Kada kuma ka musanya shi da maganin ciwon nan diclofenac kullum, don yana cin ciki yana lalata ƙoda, balle ga mai yini cikin ranar Afrilu da Mayu ba isasshen ruwa. In an rubuta maka maganin damuwa irin amitriptyline ko fluoxetine, dole wanda ya rubuta ya san kana shan tramol, saboda haɗuwarsu tana ƙara haɗarin farfaɗiya. Shi kuwa bayan, motsi yake so: tafiyar ƙafa da safe, miƙe jiki, da rage awannin zama a kan moto. Kwanciya yini guda ƙara sandarar da shi take yi.

Ka gaida tsohuwa, ka gaya mata cikin ladabi cewa baƙin ciki ba ya kore tawakkali. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana cewa ga Allah yake kai kukansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Mu ne muka ɗora wa namiji cewa bayan addu'ar uku da ta bakwai ya share fuska ya hau moto kamar ba a yi komai ba. Ka zauna da matarka ku ambaci yaron da sunansa, ita ma tana ɗauke da nata nauyin. Ka sami malami ko dattijo mai riƙe sirri ka riƙa faɗa masa abin da ke ranka.

Cikin makon nan ka je likitar unguwarku da kwalin ƙwayar a hannu, ka faɗi ainihin adadin da kake sha, ka nemi a tura ka wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa wajensu ba shaidar hauka ba ce, su ne suka san yadda ake rage ƙwayar. Har zuwa lokacin da za a gan ka, ka ajiye ɗaukar fasinja. In kuwa ka faɗi ka fita hayyacinka, ko ƙafafu suka mutu, ko fitsari ya riƙa kuɓuce maka, ko zazzaɓi da rama suka biyo ciwon bayan, ko tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka jira gari ya waye. Ka sa ɗan'uwa ya kai ka babban asibitin Damagaram a daren.