Re: Wannan ɗan tsuntsun ana samunsa a Najeriya?

Malam, hoton da ka sa kana tambaya ko ana samunsa a dazukanmu ko a kasuwa ka saya ka sa a keji, gaskiya a'a, ba na nan ba ne sam. Wallace's fairywren ne, sunan Alfred Russel Wallace, wani masanin halittu ɗan Birtaniya, aka sa masa, gidansa kuma kurmin tsibirin Niyu Gini da tsibiran Aru na Indonesiya. Ɗan mitsitsi ne wallahi, tsawonsa kamar santimita 12, nauyinsa giram 7 zuwa 8, kamar ƙwayar magi biyu kenan. Ka duba hoton da kyau, kansa baƙi da ratsin shuɗi, bayansa ja-ja, cikinsa fari.

Abin da ya fi burge ni, yawancin danginsa na Ostareliya a ƙasa suke tsalle-tsalle cikin ciyayi, shi kuwa can saman bishiyoyi yake yini yana tsinto ƙwari a jikin ganye, sau da yawa ma tare da garken wasu tsuntsayen, shi ya sa ganinsa ke da wuya. Maganar keji don Allah ka bar ta, ƙwari masu rai yake ci, gero ba zai riƙe shi ba.