Tsagar da ake bari a kan gada

Malam, ƙarfen nan da ka ce taya na yin "gau" duk sanda mota ta taka shi a kan gada, har kake tambaya ko ɗan kwangila ne ya ha'inci aiki, a'a wallahi, da gangan injiniyoyi suke barin tsaga a gadar, ƙarfen nan kuwa a bakin tsagar yake.

Ƙarfe da kankare in sun sha rana miƙewa suke yi, in sanyi ya shigo su takure. Gada mai mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 30, tsawonta zai ƙaru da wajen santimita 3 da rabi. Kamar ba komai ko? To ka haɗa ranar Afrilu da asubar hunturu, in ba a bar mata wurin motsi ba tunkuɗar bangon da ta jingina a kai za ta yi, kankare ya tsattsage, kwalta ta kumbura, ga nauyin tireloli kuma yana ɗan lanƙwasa ta.

Inda ake samun matsala sai in yashi ya cike tsagar, ko robar da ke toshe tsagar ta yage ruwa ya riƙa zuba ƙasa ƙarafa su yi tsatsa. A 2020 ma an rufe ɓangare ɗaya na gadar Third Mainland ta Legas wata da watanni ana canza irin ƙarafan nan.