Ƙanena ya yi ƙiba tun da aka canza mishi magani, lahiya ce ko matsala?

Tambaya: Salamu alaikum likita. Ƙanena ne ke da taɓin hankali shekara uku kenan, wata takwas da suka wuce aka canza mishi magani zuwa olanzapine, alhamdulillahi surutai da yawon dare duk sun tsaya. Amma ya yi ƙiba har wandunanshi ba su shigarshi, kullum cikin shan ruwa, da dare sai ya tashi fitsari sau huɗu sau biyar. Inna murna take wai ya yi jiki, kawu kuma ya ce a bar maganin. Mi za mu yi? Daga wata ƴar uwa, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar uwa, Allah ya ba shi lahiya ya biya ki ɗawainiya. Kar a tsaida maganin, in aka yanke shi lokaci guda ciwon dawowa yake yi, wani sa'in ya fi na farko muni. Amma murnar Inna ma da sauranta, don ba kowace ƙiba ba ce lahiya.

Olanzapine da clozapine su suka fi buɗe ciki cikin magungunan taɓin hankali, mutum ya ci bai ƙoshi ba, kuma suna iya tada suga da kitse a jini. To ƙishirwa da fitsarin dare a kan wannan ƙibar, abin da ya fara zo min a rai diyabeti ne, wato ciwon suga. Gobe da sassafe kamin ya sa komai a baki in ba ruwa ba, ki kai shi CSI (likitar unguwa) ko CHR (babbar likitar jiha) a auna mishi sugan jini, gilisemi kenan. In ya kai giram 1,26 a lita a sake, in ya maimaita to ya tabbata. In kuwa ya fara amai ko jiki ya saki yana ta gyangyaɗi, kar a jira gobe.

Mu ma'aikata ma da laifinmu gaskiya. Mai taɓin hankali zai zo mu tambaye shi kana barci? kana jin muryoyi? mu rubuta odonans ya tahi, ko abin auna tansiyo ba a ɗaura mishi a hannu ba, in ya ce ƙirjinshi na ciwo a ce cikin ciwon ne. Alhali OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ce masu irin wannan lalura suna riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma yawanci ciwon zuciya, suga, ciwon huhu da tarin fuka ke kai su, abubuwan da ake kamawa da wuri in an duba.

Ki ware shafi a bayan karnenshi. Duk wata in kun je karɓar magani ya hau kilo ki rubuta. Ki aro abin awo wajen tela ki zagaya cikinshi saitin cibiya, namiji in ya wuce santimita 102 an shiga haɗari, mace 88. Tansiyo kar ta riƙa kai 14/9. Suga da kitsen jini kamata ya yi a auna kamin a fara maganin, a sake bayan wata uku, sannan duk shekara, naku an riga an makara amma ba a rasa ba. Tarin da ya wuce sati biyu a gwada majina.

Ga zafin Afrilu da Mayu kuma, magungunan nan suna hana jiki huce zafi yadda ya kamata, balle in an haɗa mishi da Artane, maganin rawar jiki, da ke rage zufa, saboda haka inuwa da ruwa. Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar jiki kar ku ce palu ce ku sayo ƙwaya a tebur, likita kai tsaye.

A gida a rage sukari a shayi da hura, a bar lemun kwalba, taba in yana sha a lallaɓa shi ya rage, da la'asar wani ya raka shi tattaki na rabin awa. Sakamakon gwajin ki kai ma wanda ya rubuta maganin, shi ke da hurumin rage shi ko canza wani da bai kai shi sa ƙiba ba, ko ya ƙara metformine, maganin suga. Ranar ku tahi da kawu ya ji da kunnenshi.