Mun ɓoye wa Baba gaskiyar ciwonsa, ko ya gane?

Tambaya: Salam Anti. Mahaifinmu na kwance da ciwon daji, likita ya ja mu gefe ya ce abin ya bazu, sai dai a riƙa rage masa zafi kawai. Mun haɗa baki ba mu faɗa masa ba, kullum sai mu ce Baba ai sauƙi na samuwa. To kwanan nan ya fara yi min maganar basussukansa da wanda zai riƙe ƙannena. Anya bai gane ba kuwa? Wallahi na rasa yadda zan yi.
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba sauƙi, ya ƙara miki juriya. Gaskiya ina kyautata zaton ya gane. Masu nazarin rayuwar al'umma sun daɗe suna zama a gefen gadon marasa lafiya suna lura da irin wannan. A 1965 Barney Glaser da Anselm Strauss sun fitar da binciken da suka yi a asibitocin yankin San Francisco a Amurka, suka nuna yadda ake kai wa matakin da mara lafiya ya sani, 'yan uwa sun sani, amma kowa na yi wa kowa kara.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Myra Bluebond-Langner, 1978. Ta shafe watanni tare da ƙananan yara masu ciwon dajin jini, ta tarar su ma sun san ba za su tashi ba, daga canjin magunguna suke ganewa da fuskokin iyaye da rasuwar yaran da suke jinya tare, amma sai su yi shiru don kar hankalin iyayensu ya tashi. To yara ke nan fa, ina ga dattijo.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar cewa zafin ciwo ba a jiki kawai yake ba, har da tsoro da damuwar iyalin da mutum zai bari. Maganar bashin nan da yake miki, cikin ciwon take.

Ba wai ki je ki zazzage masa komai ba, akwai waɗanda ba sa son jin bayani kuma haƙƙinsu ne. Amma in ya sake ɗauko zancen kar ki katse shi da "haba Baba daina faɗin haka". Ki zauna kusa, ki riƙe hannunsa, ki ɗauko biro da takarda ki rubuta abin da yake faɗa. In ya tambaye ki kai tsaye, ki ce masa ko yana so ku zauna da likita tare, ya ji daga bakinsa.