Tabarau na intanet: daga ina arahar take?

Malam, ka tambaya me ya sa tabarau na ƙara gani da ake sayarwa a intanet ya fi na shagunan Ikeja araha, kuma ko ya dace ka yi oda daga Agege.

Arahar ba ta rasa dalili. Kamfani ɗaya, Luxottica na Italiya, shi ke da Ray-Ban da Oakley da shagunan LensCrafters, ya kuma haɗe da Essilor na Faransa mai yin gilasan a 2018. Wanda ya riƙe masana'anta da shago, shi ke yanka farashi. Masu sayarwa ta intanet kuwa suna kauce wa wannan tsarin. Kamfanin tabarau na Zenni ya fara sayarwa ta intanet a 2003. Warby Parker kuwa ɗalibai huɗu ne na makarantar Wharton a Amurka suka kafa ta a 2010, suna zana firam ɗinsu da kansu, suna sayarwa kai tsaye a kan dala 95, babu dillali. Abin dariya, daga 2013 su ma suka koma buɗe shaguna, don mutane na son gwadawa a fuska.

Kai da ke Legas, lissafinka daban ne. Canjin dala, kuɗin jigila da na kwastan na iya cinye ribar. In firam bai zauna ba, mayarwa wahala ce.

In dai za ka yi, fara zuwa wurin likitan ido, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, a rubuta maka awonka. Ka roƙa a haɗa da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunka biyu, domin sau da yawa ba a rubuta ta. In awonka mai ƙarfi ne, ni dai shago zan ce ka je.