Ga ƙanwarmu da aka ce ba ta da mahaifa, kuma an sa ranar aurenta

Assalamu alaikum. Admin, don Allah ki tabbatar wannan ya isa ga yarinyar da kika ɓoye sunanta, wadda ta ce shekararta 19 ba ta taɓa ganin al'ada ba, an yi mata hoton ciki an ce ba a ga mahaifa ba, ga shi an sa ranar aurenta bayan Babbar Sallah. Ta ce mahaifiyarta ta ce ta ja bakinta ta yi shiru, akwai wanzamin da zai buɗe ta kafin biki. Tana tambaya ko akwai magani, kuma ko ta gaya wa saurayin.

Ƙanwata, lalurarki ita ce tawa. Kafin komai, ki yi wa Allah ki yi wa Annabi kada ki bari aska ta taɓa ki. Ko wanzami ne, ko ungozoma, ko wata Hajiya mai kayan mata da za ta ce ta warkar da ɗari irinki. Na ga masu sharhi suna ta cewa gishiri ne, wasu angurya, wata ma ta ce namijin dare ne ya aure ki, a yi miki ruƙiya. Addu'a kam kullum muna yi, amma wannan halitta ce tun kina cikin cikin mahaifiyarki. Ba tsiro ba ne da ya toshe hanya balle a yanke shi. Hanyar ce ta tsaya gajeriya, gabanta mafitsara ce, bayanta kuma dubura. Wanzami idan ya zura aska, cikin ɗayansu zai faɗa. Ki tambayi ma'aikatan asibitocin yoyon fitsari, za su gaya miki akwai matan da yankan gishiri ne ya kai su can.

Likitoci suna kiran abin MRKH, haruffan farko na sunayen likitoci huɗu da suka yi bayaninsa. Ana samunsa a mace ɗaya cikin kusan 4,500 zuwa 5,000. Ki lissafa yawan matan Kano kaɗai, za ki gane muna da yawa, kowa ce dai ta rufe ɗakinta tana kuka ita kaɗai. Ma'ajiyar ƙwanki lafiyarta lau, shi ya sa kika yi ƙirji, kika yi ƙugu, muryarki da komai naki na mace ne. Mahaifar ce ba ta ginu ba, ko ta tsaya 'yar mitsitsiya, tare da saman hanyar. Saboda haka duk ƙwayoyin da masu kemis za su ba ki wai su saukar da jini, asarar kuɗi ce, babu inda jinin zai fito. Ni na sha su, na sha jiƙe-jiƙe, na zauna a ruwan bagaruwa har na gaji. A makarantar kwana har fashin salla na ƙarya nake yi duk wata, in ɓuya in yi sallata, don kada 'yan ɗakinmu su gane.

Amma hoto guda na ɗakin sikanin a bakin titi bai isa a yanke hukunci ba. Akwai masu mahaifa lafiyayya amma fatar budurci ce ta rufe ruf, jini na taruwa a ciki, mara na ciwo duk wata har ta kumbura. Wannan ƙaramar tiyata ce a asibiti, kuma suna haihuwa. Akwai kuma wasu lalurorin da sai an gwada jini ake bambance su da tamu. Ki nemi likitan mata a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato, duk wanda ya fi kusa da ku. Ki roƙa a duba miki ƙoda da ƙashin baya, don da yawa daga cikinmu ana haifarmu da ƙoda ɗaya ko wadda ta sauka ƙasa wajen mara. Ni ɗaya gare ni, ban sani ba sai da na girma, shi ya sa yanzu ba na shan maganin ciwon jiki barkatai.

Ni a rufe aka aurar da ni. Gwaggona ce ta ce ai miji ne maganin abin, da zarar an shiga ɗaki jini zai zo. Aka kai ni. Abin da ya biyo baya ba zan iya rubuta shi duka a nan ba. Shi yana ganin ƙinsa nake yi, ni kuma ina cizon filo. Da ya kai ƙara wajen uwarsa, ba ta tambaye ni komai ba, ko sannu. Da sassafe ta shigo da wata tsohuwa da ƙanwarta, aka tura shi kasuwa, aka sa sakata. Su biyu suka danne ni, ita tana tsaye a kaina tana cewa, "Raki ne kawai, mu ma duk an yi mana." Har yau idan na ji ƙamshin turaren wutar da ke ɗakin ranar, cikina juyawa yake yi. Jinin da suka ce suna nema ya zo, amma ya ƙi tsayawa. Maƙwabciyarmu ce ta ji shirun ya yi yawa ta leƙo, ita ta nemo mai Keke Napep. A asibiti likita ta ce saura ƙiris a huda mafitsara. A kan gadon nan aka fara gaya mini sunan lalurata.

Kin san me uwar mijin nan ta ce da aka yi mata bayani? Ko kallona ba ta yi ba. Ta tafa hannu a tsakiyar ɗakin marasa lafiya ta ce, "Ashe mata-maza aka kawo mana." Kafin a sallame ni duk unguwa ta ji. Facalolina idan na wuce sai a fara waƙar juya. Aka tara taron dangi ina zaune ɗinki bai warke ba, wani kawunsu ya buɗe Risala yana karanto cewa ana mayar da mace saboda cutar gaba, su a dawo musu da sadaki da lefe har da akwatunan. Babu wanda ya buɗe littafi ya karanto hukuncin wadda ta sa aka yanka 'yar mutane kamar akuya. Babana, Allah Ya ji ƙansa, ya sayar da gonarsa ya biya su don kada a ƙara ambaton sunana a bakinsu. Shekarun baya uwar mijin ta aiko wai in yafe mata za ta tafi Umara. Na ce na ji. Mata, kada ku zo mini da wa'azi a ƙarƙashin wannan, na san falalar yafiya, zuciyar ce ba ta kai can ba tukuna.

Na yi nisa. Maganar hanya, akwai gyara, kuma yawanci ba a bukatar tiyata. Akwai wasu 'yan sanduna masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, ana ce musu dailato. Likita ko nas za ta koya miki yadda za ki riƙa dannawa a hankali, minti 10 zuwa 30 kullum, fatar tana miƙewa da kanta cikin watanni. Sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka dage suna samun biyan bukata. Ni tabon yankan nan ne ya sa nawa ya ja lokaci kuma ya yi zafi. Ke da ba a taɓa ki ba kin fi ni sa'a nesa ba kusa ba. Sai dai abu ne da sai kin shirya a ranki, ba a yin sa da tilas, kuma ba lallai ya kammala kafin Babbar Sallah ba. Idan ta kama a ɗaga bikin, a ɗaga.

Haihuwa kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, ba za ki ɗauki ciki ba yadda kike. An fara dashen mahaifa, a 2014 aka haifi jariri na farko ta wannan hanyar a Suwidin, uwarsa mai irin lalurarmu ce, a 2025 ma an samu a Ingila, yayar matar ce ta ba ta mahaifa. Na yi kukan murna da na ji, amma babbar tiyata ce da shan magunguna masu nauyi, ba abin da zan ce ki ɗora rayuwarki a kai ba ne. Za ki kuma ji ana cewa a ɗauki ƙwanki wata ta ɗaukar miki cikin. Yawancin malamanmu ba su halatta wannan ba, ki tambayi malamin da kika yarda da shi kafin wani asibitin kuɗi ya ruɗe ki.

Saurayin, ki gaya masa. Na san Mama tsoron surutu take ji, sonki ne ya sa, kada ki yi fushi da ita, ki tafi da ita wajen likita ta ji da kunnenta. Amma abin nan ba ya ɓoyuwa ko na mako guda a ɗakin aure. Kada ki faɗa masa ta waya, kada kuma ki fara da ƙannensa mata. Ki bari sai sakamako ya fito kin san ainihin abin da ke akwai, sannan ki zaunar da shi da wani babba naki mai riƙe sirri, ko ku je likita ta yi masa bayani. Zai iya gudu. Idan ya gudu yanzu za ki yi kuka, amma babu taron dangi, babu takardar saki. Ni iddata wata uku na yi, ta waɗanda ba sa haila, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗalaƙ, ina lissafa ta da kalandar bango a ɗakin Innata.

Wanda nake aure yanzu matarsa ce ta rasu ta bar masa yara. Tun zuwansa zance na biyu na faɗa masa komai, ya yi shiru har na ɗauka ya tafi ke nan, sai ya ce shi abin da ya dame shi ko zan iya da rigimar autansa. Ga 'yar ƙanena da nake riƙo tun yaye, bana za ta shiga JSS 1. Ranar suna a gidan wasu har yanzu takan yi mini nauyi, wani lokaci in aika da barka in ce kaina ke ciwo.

Admin, ki ba ta lambata ta akwatin sirri. Mu huɗu ne a wani ɗan zaure na WhatsApp, duk masu wannan lalurar, ɗaya ma nas ce. Ƙanwata, idan za ki kira ki bari sai bayan Isha'i, kuma ki ɗauki hoton takardar sikanin ɗin ki turo mini tukuna.